Manhajar Kiɗa Ba Ta Jin Hausa, Sai An Koya Mata

Duk matashin da ya buɗe manhajar haɗa kiɗa a kwamfuta karon farko, ko a ɗakinsa na Ɗorayi ne, ko a Tudun Wada, ko a wata unguwa ta Maraɗi, zatonsa farar takarda aka shimfiɗa masa. Alhali kafin ya taɓa komai an riga an yanke masa hukunci uku. An tsayar masa da saurin kiɗa, wanda a yawancin manhajojin bugu 120 ne a minti ɗaya. An yanka masa lokaci gida huɗu-huɗu, kowane gida kuma an sake raba shi huɗu. Sannan an jera masa sautuka a kan tsanin fiyano mai matakala goma sha biyu, tazarar kowace da 'yar'uwarta daidai wa daida. Babu wanda ya tambaye shi ko waƙar da ke bakinsa a kan wannan ma'auni take tafiya. Shi kuma da yake baƙo ne, bai san ma akwai abin tambaya ba.

A wannan minti na farko ne yawancin waƙoƙin da ake haɗawa a gida suke rasa ransu, tun kafin a rera baiti ko ɗaya. Abin mamaki shi ne yadda rukunai biyu da ba sa ga maciji suka haɗu wajen ɓoye wannan gaskiya. Rukunin farko su ne masu kukan cewa kwamfuta ta kashe kiɗan Hausa, waɗanda duk lokacin da aka ambaci Shata sai su yi ajiyar zuciya su la'anci zamani. Rukuni na biyu su ne masu sayar da kaya da masu koyarwa a YouTube, waɗanda maganinsu ga kowace cuta guda ne: a ƙaro wata manhaja, a sayo wani makirufo. Masu zagi da masu talla duk sun yarda da abu ɗaya, wato cewa na'ura ce take yin kiɗan. Sun bambanta ne kawai a kan ko a yi murna ko a yi makoki. To, na'ura ba ta yin kiɗa. Tana da ƙofar shiga da aka gina domin wasu mutane, kuma mai farawa Bahaushe yana bin wannan ƙofa ne domin babu wanda ya nuna masa wata.

Ga misalin FL Studio, wadda ta cika kwamfutocin matasan Nijeriya. Wani mai rubuta manhaja, Didier Dambrin, shi ya ƙirƙire ta wa kamfanin Image-Line na ƙasar Beljiyam a ƙarshen shekarun 1990, da sunan FruityLoops, aka sauya mata suna a 2003. Asalinta injin ganga ce kawai: jerin ramuka goma sha shida kamar na dara, duk ramin da aka danna sai bugu ya faɗa cikinsa. Tsari ne mai kyau ƙwarai ga kiɗan rawa na Turai, wanda yake so bugu ya sauka a wuri ɗaya sau dubu ba tare da ya gota ba. Dambrin bai ƙulla wa kowa makirci ba. Ya ɗinka riga ne daidai jikin mutanensa.

Sai dai goma sha shida ba ta rabuwa uku. Kiɗan Hausa kuwa, mai yawa daga cikinsa, a kan uku yake tafiya, ko kuma uku da biyu suna gudana tare suna gogayya, ɗaya a hannun makaɗi ɗaya a tafin 'yan amshi. Duk wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ko a wurin kiɗan ƙwarya ya ji wannan a ƙirjinsa ko da bai iya ƙirga shi ba. Idan aka ɗauki irin wannan kiɗa aka cusa shi cikin ramuka goma sha shida, dole wasu bugun su matsa gaba kaɗan, wasu su koma baya, har abin ya zama tafiyar soja. Manhajar tana da wurin da ake sauya wannan ƙidaya zuwa goma sha biyu, aikin daƙiƙa goma ne. Amma wa zai gaya wa yaron? Malaminsa na intanet kiɗan Atlanta yake koyarwa.

Ko an gyara ƙidayar, da sauran rina a kaba. Makaɗi mai rai ba ya sauka a tsakiyar rami. Yakan riga lokaci da ƙiftawar ido idan yana so ya zuga mawaƙi, yakan ja baya kaɗan idan yana so magana ta zauna, kuma idan waƙa ta yi zafi shi da mawaƙin duk sukan ƙara sauri ba tare da sun yi shawara ba. Wannan gociya ita ce gishirin kiɗan. Kowace manhaja kuma tana da maɓalli guda wanda aikinsa shi ne ya janyo kowane bugu ya dasa shi a tsakiyar raminsa, kuma darasin farko da ake koya wa mai farawa shi ne ya danna shi. Wato ana koya masa ya tsince gishirin ya zubar, ya kira hakan tsafta.

Maganar tsanin fiyano ta fi wannan zurfi, domin ta taɓa harshen kansa. Hausa harshe ne mai karin sauti: akwai na sama, akwai na ƙasa, akwai mai faɗuwa. Da karin sauti ne ake bambance kukan jariri da kukar miya. Kalmomin da suka fi yawa a bakin mai waƙar soyayya kuwa, irin su so da rai da kyau da yau, duk masu faɗuwa ne: murya takan fara daga sama ta zamo ƙasa a cikin gaɓa ɗaya. Kalangu yana iya magana ne saboda yana iya wannan zamiya. Makaɗi yakan matse igiyoyin da ke jikinsa a hammata, fata ta ɗaure sauti ya hau, ya saki ta sauko, ba tare da ya taka wata matakala ba. Goge da kukuma ma haka suke, tsirkiyarsu ta izga ba ta da wurin da aka ce nan ne iyaka. Fiyano kuwa duk matakala ne, babu gangara.

Nan Auto-Tune take shigowa. Wanda ya ƙirƙiro ta, Andy Hildebrand, injiniya ne da ya yi aiki a harkar binciken man fetur, yana fassara amon da ke dawowa daga ƙarƙashin ƙasa. Kamfaninsa Antares ya fitar da ita a 1997. An yi ta ne domin ta gyara ɗan kuskuren murya a ɓoye, ba tare da mai sauraro ya sani ba. Tana da ma'aunin da ke nuna saurin da za ta janyo murya zuwa matakala mafi kusa. Idan aka bar shi a hankali, zamiyar murya tana nan. Idan aka kai shi sifiri, murya takan riƙa tsalle daga matakala zuwa matakala kamar ta ƙarfe, irin wadda duniya ta fara ji a waƙar “Believe” ta Cher a 1998. Abin da ke faruwa a ɗakuna da yawa shi ne yaro ya gaji saitin sifiri daga abokin da ya kwafa masa manhajar, ya ɗora a kan kowace murya, kowace rana. Kalmar da ya kamata ta gangaro sai ta faɗo kamar an ture ta daga bene. Ma'ana ba ta cika ɓacewa ba, domin Bahaushe yana gane maganarsa ko a wane hali. Abin da ke ɓacewa shi ne bambanci tsakanin wannan mawaƙi da wancan.

Masu zagin kwamfuta kada su yi saurin tafi a nan, domin tarihi bai ba su gaskiya ba. A 2008 wani matashin Abzinawa daga Nijar, Mdou Moctar, ya je Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko, Anar, a situdiyo irin na waƙoƙin finafinan Hausa, da gangar inji da murya mai Auto-Tune. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya a faɗin Sahara, har ɗaya daga ciki ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds ya fitar, kuma daga nan sunansa ya fita duniya. Wannan murya ta ƙarfe a wurinsa ado ce, domin ya shigo da waƙar da ta riga ta tsaya da ƙafafunta, da jitar da ya riga ya ƙware a kai, ya zaɓi ya yi musu wannan kwalliya. Haka nan kiɗan fiyano da situdiyoyin Kano suka gina a kan na'urorin Yamaha tun ƙarshen shekarun 1990, wanda fim ɗin Sangaya ya yaɗa ko'ina, salo ne na kansa mai ƙa'idojinsa da gwanayensa, kuma miliyoyin mutane sun yi aure da biki da shi. Wanda ya zaɓi wannan salo da idonsa biyu babu mai ce masa don me. Ƙorafin yana kan wanda bai zaɓi komai ba, aka zaɓa masa, ya ɗauka cewa haka kiɗa yake.

Akwai kuma wata hujja ƙarama da ke nuna inda aka ajiye Bahaushe a wannan duniya. A 1991 masu ƙera kayan kiɗa suka amince da jerin kayan kiɗa 128 da ake kira General MIDI, domin kowace na'ura ta zo da su. A rukunin da suka ware wa kayan gargajiya akwai sitar da shanai na Indiya, akwai koto da shamisen na Japan, akwai banjo da kalimba. Babu kalangu, babu kotso, babu gurmi, babu algaita. Shi ya sa yaron da ke neman sautin gida a cikin na'urarsa yakan ƙare da sarewar Indiya. Ba lallai son Indiya ne ya kai shi can ba, abin da ya tarar a rumbun ke nan.

To ta ina ya kamata a shiga? Ta jan maɓallin nan na ɗaukar sauti. Kowace irin wannan manhaja gida biyu ce: akwai ɓangaren da ake zana kiɗa da linzami, akwai ɓangaren da yake rikoda ce kawai mai layuka da yawa, inda ake naɗar murya a layi ɗaya, ganga a wani, amshi a wani, a saurare su tare. Ɓangaren na biyu ba ruwansa da huɗu ko uku, ba ruwansa da matakala; abin da ya ji shi yake ajiyewa. Mai farawa ya kamata ya yi makonninsa na farko a nan, ya kashe agogon ƙidaya, ya rera waƙarsa yana tafi ko yana buga bayan ƙwarya, ya saurara. Daga wannan naɗi ne zai gano saurin waƙarsa na gaskiya da yadda take raba lokaci, sai ya tilasta wa manhajar ta bi shi. Manyan manhajoji duk suna ba da damar a lanƙwasa ma'aunin lokacinsu ya bi abin da aka naɗa. Bayan haka duk abin da ya ga dama ya ɗora, fiyano ne ko gangar inji, zai zauna ne a kan ginshiƙin da shi ya kafa.

Wace manhaja? Wannan ita ce tambayar da aka fi ɓata lokaci a kanta, kuma ita ce mafi ƙarancin amfani. Audacity kyauta ce tun da aka fitar da ita a shekarar 2000, kuma ta isa a koyi naɗi da yanka da ita. Reaper, ta kamfanin Cockos na Justin Frankel, tana ba da kwana 60 na gwaji ba tare da an rage mata komai ba, lasisinta na mai aikin gida dala 60 ne, kuma tana tafiya a tsohuwar kwamfuta. Mai na'urar Apple yana da GarageBand kyauta. FL Studio kanta tana naɗar murya, in ban da a nau'inta mafi araha. A ɗauki ɗaya a zauna da ita shekara guda.

Abin da bai kamata a wuce shi da sauri ba shi ne fasasshiyar manhaja, wadda ake turawa a filashi haɗe da ɗaruruwan 'yan ƙananan manhajoji na ƙari. Haɗarin ƙwayar cutar kwamfuta sananne ne. Sananne ne kuma cewa masana'antar da satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifanta ba ta da bakin kare satar fasahar wasu, ko da yake dala 60 ba ƙaramin kuɗi ba ne ga mai samun naira, kuma wanda bai taɓa rasa su ba ya sassauta wa'azi. Amma babbar illar ba ta ɗabi'a ba ce, ta koyo ce. Wanda aka zuba wa kaya ɗari biyar a rana ɗaya ba zai san ko ɗaya ba. Zai ƙare dare yana sauya sauti yana neman wanda zai ceci waƙar da ba a rera da kyau ba.

Kayan aiki kaɗan ne: kwamfuta, ƙaramin akwatin shigar da sauti mai kafa ɗaya ko biyu, makirufo, da lasifikar kunne mai rufe kunne gaba ɗaya. Nan ma akwai tarko. Mai shago zai nuna makirufon nan mai kyan gani da ake ratayewa a gizo-gizon roba, wanda ke buƙatar wutar bolt 48 daga akwatin, ya ce shi ne na ƙwararru. Gaskiya ne, amma na ƙwararrun da ke da ɗaki shiru ne. Irin wannan makirufo yana jin komai: fankar sama, babur ɗin layi, zakaran maƙwabta, da murya tana dukan bango tana dawowa. A gidan da ake rayuwa a ciki, makirufon hannu irin na masu wa'azi da masu taro, kamar Shure SM58 da ake ƙerawa tun 1966, ya fi rufa asiri, domin ana rera masa ne dab da baki. Lissafin mai sauƙi ne: duk lokacin da aka rage tazarar baki da makirufo da rabi, murya takan ƙaru da kimanin desibel 6, hayaniyar ɗaki kuwa tana nan inda take.

Ɗakin shi ne kayan kiɗan da ba a saya ba amma yake shiga kowace waƙa. Ɗakin siminti mai ƙafa 12 tsawo da 12 faɗi, da tayil a ƙasa da bango sumul, yana daga cikin mafi munin wuraren da za a naɗi murya. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, don haka a irin wannan ɗaki akwai wani ƙugi na ƙasa, mai kaɗawa kusan sau 47 a daƙiƙa, da bangwaye ke ta mayar wa juna, kuma da yake tsawo da faɗi ɗaya ne sai abin ya ninka. Kwalin ƙwai da ake mannawa a bango ado ne kawai. Abin da ke shan sauti shi ne abu mai kauri da laushi: katifa a jingine bayan mai rerawa, barguna a rataye nesa kaɗan da bango, darduma a ƙasa, buɗaɗɗen kabad cike da tufafi. Ɗakin ƙasa na kaka, mai bango marar santsi da gado da labule da tarin kaya, ya fi sabon falo daɗin murya nesa ba kusa ba. Billie Eilish da yayanta Finneas sun naɗi kundin da ya lashe manyan kyaututtukan Grammy a 2020 a ƙaramin ɗakin kwana na gidan iyayensu a Los Angeles, tana zaune a kan gado. Ana yawan kawo wannan labari domin a tallata manhajar da suka yi amfani da ita. Gadon ma ya yi nasa aikin.

Sai wuta. Lantarkin Nijeriya da Nijar yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma idan wayoyin gida ba su da kyau ko janareta ne ke aiki, wannan gunji yakan bi caja ya shiga naɗi. Maganin kyauta ne: a cika batir, a zare caja, a kashe fanka, a naɗa. Zufar minti biyar ta fi gunjin da ba ya fita. Lokaci mafi shiru kuwa kowa ya san na unguwarsa.

Lambobi biyu kaɗai mai farawa yake buƙatar riƙewa. Na farko ƙarfin shigar sauti. Ma'aunin manhaja yana ƙarewa ne a sifiri, kuma duk abin da ya taɓa sifiri ya tsage, babu ɗinki. An gaji wata al'ada daga zamanin kaset ta cika ma'auni har ya yi ja domin a danne shuu ɗin zare. A kwamfuta, idan ana naɗi a kan bit 24, babu wannan buƙata. A bar mafi ƙarfin murya ya tsaya wajen desibel 10 ƙasa da sifiri, musamman ga mawaƙin da ke ɗaga murya farat ɗaya idan ya zo kirari. Na biyu jinkiri. Kwamfuta tana tara sauti ne a ɗan ma'aji kafin ta sarrafa shi. Idan ma'ajin yana kan 1,024, mai rerawa zai ji muryarsa ta dawo masa a makare har ya rikice. Idan aka mayar da shi 128, jinkirin ma'ajin bai kai kashi 3 cikin 1,000 na daƙiƙa ba. A rage shi lokacin naɗi, a ƙara shi lokacin haɗawa. Yara da yawa sun yanke wa kansu hukuncin cewa ba su iya bin kiɗa ba, alhali wannan lamba ce ta yaudare su.

Za a ce duk wannan daɗin baki ne, kasuwa ta riga ta zaɓi sautinta, kuma ɗauko makaɗi kuɗi ne. Batun kuɗin gaskiya ne rabi: sallamar mai kalangu na yini ɗaya ba ta kai kuɗin makirufon da aka saya ba a buƙata ba. Amma akwai dalilin da ba a faɗa, wanda masu karatu suka fi kowa saninsa. A ƙasar Hausa kiɗa sana'ar gado ce da aka jingina da roƙo, kuma gidan da zai yi alfahari ɗansa ya zama furodusa a gaban kwamfuta shi ne gidan da zai murtuƙe fuska idan aka ga maroƙi da ganga a zaurensa. Kwamfuta ta ba 'ya'yan malamai da 'yan boko hanyar yin kiɗa ba tare da an kira su makaɗa ba. Wannan 'yanci ne na gaske, bai kamata a raina shi ba. Sai dai farashinsa shi ne an yanke hulɗa da mutanen da ilimin yake hannunsu. Ɗanƙwairo ya tafi a 1991, Shata a 1999, Barmani Choge a 2013, Ɗanmaraya Jos a 2015. Makaɗansu da 'yan amshinsu da almajiransu, waɗanda sunayensu ba su hau bangon kaset ba, wasunsu suna nan a raye, a Funtuwa da Maradun da sauran garuruwa, kuma mafi yawan abin da suka sani ba a taɓa naɗarsa shi kaɗai a layi mai tsabta ba. Abin da ke hannu yawanci tsofaffin naɗi ne na rediyo da na wurin biki, inda murya da ganga da hayaniya suke cakuɗe.

Yaron da ke da kwamfuta da makirufo ɗaya yana riƙe da abin da gidajen rediyon da suka naɗi waɗancan manya ba su taɓa mallaka ba: layuka marasa iyaka, sauti marar shuu, da damar sake ɗauka sau ɗari ba tare da an ƙona zare ba. Idan ya gayyato mai kalangu, ya ajiye makirufo kamar taƙi ɗaya daga fatar, ɗan karkace domin kada bugun ya tsage, ya bar shi ya yi minti goma yadda ya saba, ya samu ginshiƙin waƙa da kuma sautukan da zai yanka ya yi amfani da su shekaru. Ya ajiye asalin naɗin a tsarin WAV, kada ya matse shi zuwa MP3 ko ya tura ta WhatsApp a matsayin saƙon murya, domin abin da matsewa ta zubar ba ya dawowa. Ya kwafa a wuri biyu. A sunan fayil ɗin kuma ya rubuta sunan makaɗin, da garinsu, da sunan kiɗan da ya buga, da kwanan wata, sannan su yi magana a fili tun kafin a danna jan maɓalli a kan abin da zai samu idan waƙar ta yi kasuwa.